YADDA AKE GASA MAKARONI DA CUKU DA NAMAN LOBSTA

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka nan kowace al'umma tana da irin abincin da take ji da shi, wanda take fitarwa ranar biki ko ranar da babban baƙo ya sauka. A bakin teku na arewa maso gabashin Amurka, musamman a Jihar Maine da maƙwabtanta, ɗaya daga cikin irin wannan abinci shi ne makaroni da cuku da aka haɗa da naman wata dabbar ruwa mai suna lobsta, aka gasa a tanderu. Ana sayar da shi da tsada a gidajen abinci, amma iyalai da yawa sun fi son su yi abinsu a gida.

A cikin wannan ɗan bayani ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai abin da ake haɗawa, da yadda ake haɗa shi, da kuma dalilin kowane mataki. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne wannan: manyan kayan girkin uku ne, watau lobsta da makaroni da cuku, kuma kowannensu sau biyu yake haɗuwa da wuta, sau ɗaya a tukunya, sau ɗaya a tanderu. Wanda ya bari suka gama nuna tun a tukunya, to, tanderu zai lalata masa su, ya yi asarar kuɗi mai yawa da wahalar yini guda. Wanda kuwa ya san lokacin sauke kowanne, shi ne zai ci daɗi.

MECE CE LOBSTA?

Lobsta dabba ce ta teku, dangin ƙaguwa da jatan lande. Wadda ake sayarwa a kasuwa tsawonta yakan kusa kai tsawon rularmu ta aji. Ba ta da ƙashi a ciki, ɓawo mai tauri ne ya rufe ta daga kai har wutsiya. Ƙafafunta goma ne, amma biyun gaba sun girma sun zama hannuwa kamar awartaki. Ɗaya mai kauri ne, da shi take fasa abu mai tauri, ɗayan kuma siriri ne mai kaifi, da shi take yanka. Irin wadda ake wannan girki da ita tana zaune ne a ruwan sanyi na Tekun Atalantika, daga gabar Kanada zuwa gabar gabashin Amurka, tana ɓuya a ƙarƙashin duwatsu.

Da yake ɓawonta ba ya girma tare da ita, sai ta riƙa yin saɓa kamar maciji, ta tuɓe tsohon ɓawo ta yi sabo. Girmanta a hankali yake, domin takan yi shekara 5 zuwa 7 kafin ta kai nauyin rabin kilo. Mafi girma da aka taɓa rubutawa an kama ta ne a gabar Nova Scotia ta ƙasar Kanada a shekarar 1977, nauyinta ya ɗara kilo 20. Wani abin mamaki kuma shi ne launinta. Tana da rai baƙi-baƙi ce mai ratsin kore da ruwan ƙasa, amma da ta ji zafi sai ta koma ja wur. Dalili shi ne jan launin yana nan a ɓawon tun asali, wani sinadari ne ya ɗaure shi, zafi kuma yana kwance wannan ɗauri.

Masunta suna kama ta da tarko mai kama da keji, su sa kifi a ciki don ya jawo ta, su saukar da shi ƙarƙashin teku da igiya. A Jihar Maine, wadda ta fi kowace jiha a Amurka kamun lobsta, akwai dokoki masu tsanani. Ana auna ɓawon bayanta da wani ɗan ƙarfe: in bai kai inci 3 da kwata ba, a mai da ta ruwa, in kuma ya wuce inci 5, nan ma a mai da ta, domin manyan su ne iri. Macen da aka kama da ƙwai a jikinta, sai a yi mata ɗan yanka a wutsiya mai siffar harafin V a sake ta. Duk masuncin da ya sake kama ta ya ga wannan alama, ya san uwa ce, ba ya taɓa ta. A shekarar 2016 masuntan jihar sun kama abin da ya haura fam miliyan 130.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Lokacin da Turawan Ingila suka fara zama a wannan gaɓa, lobsta ta yi yawa har ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Abincin talaka ce, har taki ake yi da ita a gona, ana kuma yanka ta don kamun kifi. Daga wajen 1840 aka fara sa ta a gwangwani, sa'an nan jirgin ƙasa ya kai ta manyan birane, masu kuɗi suka ɗanɗana suka ji daɗi. Tun daga nan darajarta ta yi ta hawa, har ta zama abincin da ba kowa ke iya saya ba.

MAKARONI DA CUKU

Makaroni kam ba baƙo ba ne a gidajenmu. Asalinsa daga Italiya ne, da garin wata alkama mai tauri ake yinsa. Wanda ake so a wannan girki shi ne ɗan gajeren nan mai lanƙwasa, mai rami a tsakiya, domin miya tana shiga ramin ta zauna.

Cuku kuwa nono ne da aka daskarar aka tace ruwansa. Mun san cukun Abzinawa da ake busarwa, mun kuma san wara da Fulani ke yi da ruwan tumfafiya. Amma waɗannan biyu ba sa narkewa su zama miya, shi ya sa ake iya soya wara a mai ta fito da siffarta. Wanda wannan girki ke bukata shi ne cukun da aka ajiye watanni ya kwana biyu, wanda yake narkewa in ya ji zafi. Biyu aka fi amfani da su. Na farko shi ne Cheddar, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a kudu maso yammacin Ingila, yana da ɗan tsami da ƙarfin ɗanɗano. Na biyu shi ne Gruyère na ƙasar Suwizalan, wanda ya fi laushi wajen narkewa. Sai an sami madara kamar lita 10 kafin a fitar da kilo ɗaya na irin wannan cuku, kun ga ke nan shi ma ba abin wasa ba ne.

Tarihin makaroni da cuku ya bi hanyar da ta saɓa wa ta lobsta, domin shi daga sama ya sauko. A shekarar 1769 wata mata a Ingila mai suna Elizabeth Raffald ta buga littafin girki, a ciki ta bayyana yadda ake haɗa makaroni da cuku. A Amurka kuwa ana danganta shahararsa da gidan Thomas Jefferson, shugaban ƙasa na uku. Jefferson ya zauna a Faransa daga 1784 zuwa 1789, ya tafi da wani bawansa baƙar fata mai suna James Hemings, wanda ya koyi girkin Faransawa a birnin Paris. A shekarar 1802 an ba baƙi gasasshen makaroni a gidan shugaban ƙasa. A zamanin abincin manya ne, gama daga ƙetare ake kawo kayan. Baƙaƙen fata da suka yi ta girka shi a gidajen masu bayi su ne suka ƙware a kansa, kuma har yau a gidajen jikokinsu ba a cika yin babban taron iyali ba tare da shi ba.

A shekarar 1937, lokacin da talauci ya addabi Amurka, kamfanin Kraft ya fito da makaroni da garin cuku a cikin kwali, ana sayarwa santi 19, kwali ɗaya ya ciyar da mutum huɗu. Daga nan ya zama abincin yara da ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi. To, kun ji yadda abin ya juya: abincin talaka ya hau, abincin sarauta ya sauko, daga baya suka haɗu a kwano ɗaya. Akwai kuma hikima a wannan haɗi. Lobsta uku ba za su ƙosar da mutum shida ba, amma in aka yayyanka namansu aka watsa cikin makaroni, kowa zai samu rabonsa.

KAYAN HAƊI

Ga abin da zai ishi mutum 6:

Lobsta 3 masu rai, kowace mai nauyin kamar giram 600, ko tsokar lobsta giram 400
Makaroni giram 450
Cukun Cheddar giram 300
Cukun Gruyère giram 150
Madara mai maiƙo lita 1
Bota giram 90
Fulawa giram 50
Garin busasshen burodi kofi 1
Ƙaramar albasa 1 da tafarnuwa ƙwaya 2
Mastad ƙaramin cokali 1
Gishiri da masoro da ɗan garin barkono
Lemon tsami 1

Mai karatu zai lura cewa lobsta uku sun kai kilo 1 da giram 800, amma tsokar da aka ambata giram 400 ce kawai. Haka abin yake, domin ɓawo da kai su ne suka kwashe nauyin, naman bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ma wani dalili ne na tsadarta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kunna wuta sai a goge cuku da magogi irin na kuɓewa, a yanka albasa ƙanana, a daka tafarnuwa, a auna komai a ajiye kusa. Ya fi kyau a sayi cuku dunƙule a goge da hannu, domin wanda aka goge tun daga kamfani ana barbaɗa masa wani gari don kada ya manne, garin kuma yakan hana shi narkewa sumul.

MATAKI NA FARKO: LOBSTA

Ana sayen lobsta da ranta ne, domin da zarar ta mutu namanta yake fara lalacewa, cikin ɗan lokaci ya zama abin cutarwa. Mai lafiya ita ce wadda in an ɗaga ta take motsa ƙafafu tana naɗe wutsiya. Wadda ta saki jiki, wutsiya na reto, a bar wa mai ita. Masu sayarwa sukan ɗaure mata hannuwa da roba, kada a kwance sai an gama da ita, don tana iya ji wa yatsa ciwo ƙwarai.

Tausayin dabba wajibi ne. A sa ta a wurin ƙanƙara na firiji kamar minti 20 har sanyi ya kashe mata jiki, sa'an nan a soka wuƙa mai kaifi a tsakiyar kanta a tsaga shi da sauri. A ƙasar Suwizalan ma tun 2018 doka ta hana jefa lobsta cikin tafasasshen ruwa ba tare da an fara sumar da ita ba.

A cika babbar tukunya da ruwa, a sa gishiri sosai, a bari ya tafasa. In da za a ci lobstar haka nan ne, mai wannan nauyi takan ɗauki minti 9 ko 10. Amma tun da za ta sake shiga tanderu, minti 5 zuwa 6 ya isa. A tsame, a tsoma cikin ruwan ƙanƙara nan take don dahuwar ta tsaya. Kada jan ɓawo ya ruɗi mutum, shi yakan yi ja tun naman bai nuna ba, saboda haka agogo za a duba.

Ga dalilin wannan taka-tsantsan. Duk wanda ya taɓa dafa ƙwai ya san farinsa ruwa ne, zafi ke daskarar da shi, in kuma ya daɗe a wuta sai ya yi tauri. Naman lobsta haka yake, har ma ya fi saurin ji. Zafi yana sa zaren naman ya tsuke, in ya wuce kima sai ya matse ruwan da ke cikinsa waje, ya koma kamar roba a baki. Nama irin na sa yana laushi da daɗewa a wuta, amma na lobsta tauri yake ƙarawa.

In ta huce, a murɗe wutsiya a raba ta da jiki, a tsaga ɓawon da almakashi a zaro naman. Akwai wani baƙin zare a tsawon bayan wutsiyar, hanjinta ke nan, a cire a yar. A fasa hannuwan da bayan wuƙa, a fitar da namansu, kada kuma a manta da gaɓoɓin da ke haɗa hannu da jiki, naman wurin ya fi ko'ina zaƙi. Koren abin da ke cikin jiki, wanda yake mata aikin hanta, gara a bar shi, domin nan ne dafin da ta ci a teku yake taruwa. A yanka naman manya-manya kamar girman goro, a matsa masa ɗan lemon tsami, a rufe a sa a firiji.

Ɓawon kuwa kada a zubar. A zuba madarar nan a tukunya, a sa ɓawon a ciki, a ɗora a kan wuta kaɗan kamar minti 20, ba tare da ta tafasa ba, sa'an nan a tace da rariya. Ta haka ƙanshin lobsta zai ratsa miyar duka, har wanda cokalinsa bai ci karo da nama ba zai ji ɗanɗanonta. Nan ne mai haƙuri yake dafa dutse ya sha romonsa.

MATAKI NA BIYU: MAKARONI

A tafasa ruwa mai yawa da gishiri, a zuba makaroni, a motsa don kada ya manne. A duba lokacin da aka rubuta a jikin ledarsa, a rage minti 2. In an ce minti 9, a sauke a minti 7. In aka ciza ɗaya, ya kamata a ji ɗan tauri a tsakiyarsa. Dalili kuwa, makaroni ba ya daina shan ruwa don an sauke shi, a cikin tanderu zai ci gaba da tsotse miyar da ke kewaye da shi. In ya riga ya ƙoshi tun a tukunya, sai ya kumbura ya caɓe, a rasa gane makaroni ne ko fate. A tace shi, a juya shi da ɗan bota kaɗan. Ba a wanke shi da ruwan sanyi, domin ɗan yauƙin da ke jikinsa shi ke sa miya ta kama shi.

MATAKI NA UKU: MIYAR CUKU

Wannan shi ne wurin da aka fi yin ɓarna, don haka sai a natsu. A narkar da bota giram 60 a tukunya a kan matsakaiciyar wuta, a soya albasa har ta yi laushi, a sa tafarnuwa. Kada a bari su yi ja. A zuba fulawa, a yi ta juyawa minti 2 don warin ɗanyen gari ya fita. Sa'an nan a riƙa zuba madarar nan mai ɗumi, ludayi ɗaya bayan ɗaya, ana burgawa da maburgi. Wadda ta taɓa yin talge ta san abin da ke faruwa in aka juye gari da ruwa gaba ɗaya: gudaji ne zai cika tukunya. In madarar ta shige duka, a bar ta ta yi ɗan ɓararraka kamar minti 5 ana juyawa, har ta yi kauri kamar kunu. Gwajinta shi ne a tsoma cokali a fitar, a ja yatsa a bayansa, in layin ya tsaya bai rufe ba, ta yi. A sa mastad da masoro da barkono. Wannan farar miya ta Faransawa ce, su suka raɗa mata suna beshamel.

Yanzu sai a sauke tukunyar daga wuta kafin a sa cuku. A ware kashi ɗaya cikin huɗu na cukun don barbaɗawa a sama, sauran a riƙa zubawa da hannu kaɗan-kaɗan, ana juyawa, sai na farko ya narke a ƙara wani. Zafin miyar kaɗai ya isa ya narkar da shi.

Me ya sa ba a narkar da cuku shi kaɗai a zuba a kan makaroni? Amsar tana cikin darasinmu na kimiyya. Cuku haɗi ne na maiƙo da ruwa da sinadarin gina jiki, kuma mun san mai da ruwa ba sa shiri sai da mai riƙe su. In zafi ya yi yawa, sinadarin sai ya dunƙule ya saki maiƙon, a ga mai yana yawo a sama, ƙasa kuma tsaki-tsaki kamar yashi. Fulawar da aka dafa cikin madara ita ce mai shiga tsakani, tana kumbura ta raba su don kada su dunƙule. Amma ita ma ƙarfinta yana da iyaka, in aka tafasa miyar bayan cuku ya shiga, za ta tsinke, kuma miyar da ta tsinke wuyar gyara gare ta. Sai an gama sa cuku za a ɗanɗana a ƙara gishiri, domin cuku da nasa gishirin yake zuwa.

Ya kamata miyar ta ɗan fi yadda ake so ruwa, saboda makaroni zai sha, tanderu kuma zai ƙafar da wani.

MATAKI NA HUƊU: GASHI

A kunna tanderu tun da wuri ya kai digiri 190 a ma'aunin Salsiyos. A shafa bota a kwanon gashi mai faɗi. A juye makaroni cikin miya a gauraya, sa'an nan a kawo naman lobsta a juya a hankali don kada ya farfashe. A zuba a kwano, a tabbata miya ta rufe naman, domin duk yankan da ya leƙo sama zai bushe. A barbaɗa cukun da aka ware. A narkar da ragowar bota a cuɗa da garin burodi, a watsa a kai.

A gasa minti 20 zuwa 25. Alamar ya yi ita ce gefen kwano yana ɓararraka, saman kuma ya yi ja-ja kamar bayan gurasa. Aikin tanderu a nan uku ne kawai: ya ƙarasa dahuwar nama da makaroni, ya haɗa kan kayan, ya kuma yi ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras a sama. Da an ga haka a fitar. Ƙarin minti goma don neman ƙarin ja shi ke mai da nama roba, ya kuma fitar da man cuku.

Sauri ya haifi nawa. In an fitar, a bar shi ya huta minti 10 kafin a sa cokali. A lokacin miyar za ta kama jikinta, a iya ɗiba ba ta kwarara ba, kuma ba wanda zai ƙona harshe. Da yake abinci ne mai maiƙo ƙwarai, akan ci shi da ɗanyen ganye irin su latas da tumatir, da ɗan yankan lemon tsami a gefe.

ABUBUWAN LURA

Na ɗaya, akwai mutanen da jininsu bai haɗu da dabbobin ruwa masu ɓawo ba. Da sun ci sai jiki ya yi borin jini, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe, abin ya kai ga asibiti. Saboda haka wajibi ne mai girki ya gaya wa baƙinsa abin da ke cikin kwano, tun da miya ta ɓoye naman.

Na biyu, madara da naman ruwa duka masu saurin lalacewa ne. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, a rufe a sa a firiji, a cinye cikin kwana 2. Wajen ɗumame a ƙara ɗan madara, a yi da wuta kaɗan.

Na uku, waɗansu masu girki a can sukan ƙara giya ko naman alade. Girkin ba ya bukatarsu, ya cika ba tare da su ba. Ita lobsta kanta, a mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne.

Na huɗu, wanda yake nesa da inda ake kama ta yana iya amfani da wutsiyar lobsta da ake sayarwa a daskare, ya bar ta ta saki a firiji dare ɗaya, ya tafasa ta minti 3 ko 4. A tekun Afirka ta Yamma ma akwai wata irin lobsta mai ƙaya a jiki wadda ba ta da manyan hannuwa, namanta a wutsiya yake, tana kuma yin wannan aiki. Manyan jatan lande su ma suna iya tsayawa a madadinta, sai dai su minti 2 ya ishe su a tukunya.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, kun dai ji yadda ake wannan girki na mutanen bakin tekun Amurka. Kayansa masu tsada ne, kuma kafin su iso kicin an sha wahala a kansu: lobsta ta yi shekara shida tana girma a ƙarƙashin ruwa, masunci ya fita cikin sanyin asuba ya jawo ta, cuku ya yi watanni a ajiye. Duk wannan minti biyar na sakaci ya isa ya ɓata shi. Don haka mai girki ya sauke lobsta da saura, ya sauke makaroni da saura, ya sauke tukunya kafin cuku ya shiga, ya bar wa tanderu abin da zai ƙarasa. Wanda ya fahimci wannan, ko bai taɓa riƙe lobsta ba, ya ƙaru da abin da zai yi masa amfani ranar da zai dafa kifi ko ƙwai ko madara, domin halinsu da wuta ɗaya ne.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.